Babi na Bakwai: Hadimi Mai Iyayen Gida Biyu

A ƙarshen watan Oktoban 2025, wani kamfani mai suna 1X, wanda aka kafa a Norway kafin ya mayar da hedikwatarsa Kalifoniya, ya buɗe rajistar masu son sayen mutum-mutuminsa na aikin gida, NEO. Farashinsa a lokacin dala 20,000 ga mai biya lakadan, ko dala 499 duk wata ga mai son haya. Tsayinsa na matsakaicin mutum ne, nauyinsa bai wuce kilo 30 ba, an kuma lulluɓe shi da saƙaƙƙiyar riga tun daga wuya har ƙafa, don kada ƙarfe ya riƙa gogar jikin mutanen gida. A bidiyon talla ga shi nan yana ninke tufafi, yana kwashe tarkace, yana buɗe wa baƙo ƙofa, komai cikin natsuwa.

Kamfanin ya gayyaci Joanna Stern, 'yar jaridar Wall Street Journal a lokacin, ta je ta gane wa idonta. Ta aike shi ya ɗauko mata robar ruwa a firjin da bai fi taku kaɗan da ita ba, sai da ya cinye sama da minti ɗaya. Ta sa shi ya jera abubuwa uku a injin wanke-wanke, ya kwashe minti biyar yana lalube, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Jinkirin ba shi ne labarin ba, don duk sabon abu da rarrafe yake farawa. Labarin shi ne, duk abin da ta ga ya yi a ranar, ba shi ya yi ba. Wani ma'aikacin kamfanin ne sanye da babban tabarau mai nuna masa abin da idon mutum-mutumin ke gani, riƙe da madannai a hannu biyu. In ya miƙa hannu NEO ya miƙa, in ya juya NEO ya juya.

Shugaban kamfanin, Bernt Børnich, bai yi wani ɓoye-ɓoye ba, kuma wannan abin a yaba masa ne. Ya ce duk wanda zai saya a wannan matakin, to ya san cewa ya yarda ma'aikatansu su riƙa leƙa cikin gidansa ta idon na'urar, a lokutan da shi mai gidan ya tsara, domin in ba su samu bayanan gidajen mutane ba, babu yadda za a yi na'urar ta ƙware. Shekara guda kafin nan, a bikin da kamfanin Tesla ya shirya a Oktoban 2024, mutum-mutuminsa Optimus ya riƙa zuba wa baƙi abin sha yana hira da su, mutane suna ta mamaki. Daga baya ne aka ruwaito cewa akwai ma'aikatan da ke sarrafa su daga nesa. Dabarar tsohuwa ce. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya kai wa sarauniyar Ostiriya wani gunki mai rawani da ke buga wasan dara na Turawa yana lallasa gwanaye, ya zaga Turai shekara da shekaru, alhali gwanin wasa ne ƙudundune a cikin akwatin. Bambancin kawai shi ne, akwatin yanzu yana iya kasancewa a wata ƙasa.

Kafin mu shiga maganar wanda ke cikin akwatin, ya kamata mu fahimci abin da ya sa har yau ake bukatarsa. Kwamfuta ta doke Garry Kasparov, zakaran dara na duniya, tun 1997. Yau ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wasiƙa, tana fassara, tana amsa tambayoyin jarrabawar lauyoyi. Amma ka ba ta kwandon wanki ka ce ta ware safar yara daga ta manya, nan za ka ga tsiya. Masanin nan Hans Moravec na Jami'ar Carnegie Mellon ya lura da wannan tun 1988: abin da muke gani da wuya, kamar lissafi, shi ne mai sauƙi ga na'ura, abin da yaro ɗan shekara ɗaya ke yi ba tare da tunani ba kuma shi ne ke gagarar ta. A 2010 masu bincike a Jami'ar Berkeley sun koya wa wani mutum-mutumi ninke tawul, aka yi ta murna, amma kowane tawul sai ya ci kusan minti 25. Wani kamfanin Japan ya zuba maƙudan kuɗi a injin ninke tufafi mai suna Laundroid, ya karye a 2019 bai kai shi kasuwa ba.

Matsalar tana hannu. A tafin hannun mutum da yatsunsa akwai jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000. Mai wanke-wanke ba ta duban kofin da ke cikin kumfa, yatsunta ne ke gaya mata yana santsi, ta ƙara matsewa, ko kuma gilashi ne, ta sassauta. Ba ta san tana yi ba, balle ta iya bayyanawa. Na'urorin da ke rubutu sun koya ne daga tarin rubutun da 'yan Adam suka zuba a intanet. Amma babu wani rumbu da aka tara yadda ake riƙe ƙwai, ko yadda ake zare riga daga jikin mai ciwon kafaɗa. Dole sai an tara shi daga tushe, a gidaje na gaskiya, masu tabarmar da ta naɗe a kusurwa da takalmin da yaro ya yar a bakin ƙofa. Shi ya sa wanda ya sayi irin wannan na'ura a yanzu ya yi kama da wanda aka kawo wa yaro koyon sana'a, shi zai ciyar da shi, shi zai koya masa a shagonsa da kayan aikinsa, sannan shi zai biya uban yaron, kuma duk abin da yaron ya koya na uban ne.

To me ya sa lallai sai mai siffar mutum? Injin wanki bai da hannu, kuma ya sauƙaƙa wa mata rayuwa fiye da duk wani mutum-mutumin da aka taɓa ƙerawa. Injiniyoyi suna da amsa mai ma'ana: gida an gina shi ne da awon jikin mutum. Tsayin matakala, mariƙin ƙofa, kan famfo, faɗin lungu, duk don mai ƙafa biyu da hannu biyu aka yi su. Akwai kuma amsar da ba a cika faɗa ba, wato siffar mutum tana jawo masu zuba jari, tana kuma narkar da zuciyar mai saye. Sha'awar ta daɗe ƙwarai. A littafin da Isma'il al-Jazari ya kammala a 1206 a fadar sarakunan Diyarbakir, akwai zanen na'urar da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu, sannan wani ɗan gunki ya fito ya miƙa masa abin gogewa. Kamfanin Honda ya fito da ASIMO a 2000, ya hau matakala, ya yi gudu, ya buga ƙwallo da Barack Obama a 2014, ya yi ritaya a 2022 ba tare da ya taɓa share ɗakin kowa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ƙafa biyu tana da nata haɗarin. Injin masana'anta in ya rikice, a danna jan maɓalli ya tsaya cak. Mai tafiya da ƙafa biyu kuwa tsayuwarsa ma aiki ce, kullum yana gyara nauyinsa, in aka katse masa wuta zubewa zai yi, kuma duk abin da ke kusa da shi ya sani. Rodney Brooks, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin iRobot, mutumin da ya shafe rayuwarsa a wannan fanni, ya rubuta a 2025 cewa shawararsa ita ce kada mutum ya kusanci babban mutum-mutumi mai tafiya fiye da mita uku. Ɗakin da jariri ke rarrafe ba shi da mita ukun da za a bayar.

Mu dawo kan idon. A Disambar 2022, mujallar MIT Technology Review ta wallafa binciken da 'yar jarida Eileen Guo ta yi a kan wasu hotuna 15 da suka ɓulla a zaurukan sirri na Facebook da Discord. Na'urar shara ta Roomba ce ta ɗauke su a 2020, samfurin gwaji da aka raba wa ma'aikata da masu gwajin da ake biya. An ɗauke su daga ƙasa, daga inda na'urar ke yawo. A ɗaya, wani yaro ne kwance rub-da-ciki a lungun gida. A wani kuma, wata mace ce zaune a kan masai. Kamfanin iRobot mai ƙera Roomba ya tura hotunan ga wani kamfani mai suna Scale AI, shi kuma ya raba wa 'yan kwangila a ƙasashe daban-daban, ciki har da Benezuwela, don su riƙa zagaye abubuwa suna rubuta sunayensu, wannan kujera ce, wannan tawul ne, na'ura ta koya. Wasu daga cikinsu ne suka watsa. Kamfanin iRobot ya ce masu gidajen sun sa hannu a takardar amincewa. Haka ne, sun sa. Sai dai ba na jin akwai wadda ta karanta wannan takarda ta fahimci cewa wani saurayi a wata nahiya zai gan ta a bayan gida.

Ba a kan Roomba aka fara ba. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Ring, mai kyamarorin tsaro na gida, biyan dala miliyan 5.8, kuma daga cikin zarge-zargen akwai cewa wani ma'aikacinsa ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyon mata masu amfani da kyamarorin, a ɗakunan kwanansu da na wanka. Waɗannan fa kyamarori ne da ke manne a bango, ko na'urar da ke bin ƙasa. Yanzu ana maganar ido a tsayin idon mutum, mai kunne, mai buɗe ƙofa da durowa da kansa.

Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake rage tufafi don ƙailula, da bayan sallar isha'i, ta umarci masu hidimar gida da yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa manya. Hikimar a fili take: mai yi maka hidima mai ganinka ne, don haka kusancinsa yana bukatar iyaka. Tsarin gidan Bahaushe ma a kan wannan aka gina shi. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya kai shigifa, tsakar gida sai muharrami. In mai gyaran wuta zai shiga, sai an tura yaro ya riga shi yana cewa a gyara, maza za su shigo, a ba mata lokacin ɗaukar mayafi. Ya gama aikinsa a rako shi waje. Mutum-mutumin gida kuwa yana wuce duk waɗannan ƙofofi ranar da aka sauke shi daga kwali, kuma a ciki yake kwana.

Kamfanonin suna da matakan da suka ce sun ɗauka. Na 1X ya ce ma'aikaci ba zai karɓi ragamar na'urar ba sai mai gida ya ba da izini ta manhajar waya, za a iya dusashe hoton mutane, za a iya shata wuraren da ba za ta shiga ba. Madalla. Amma duk waɗannan maɓallai a wayar mutum ɗaya suke, wanda ya saya. Gida kuwa ba mutum ɗaya ba ne. Akwai matarsa, akwai 'yarsa budurwa, akwai tsohuwar da hankalinta ya fara gushewa, akwai maƙwabciyar da ta shigo ta zauna ta fara amayar da damuwar aurenta. Babu wanda ya nemi yardarsu. Kuma wanda wayar ke hannunsa yana iya leƙa gidan daga ofis ko daga wata ƙasa. A gidan da ake zaman lafiya, wannan hanya ce ta duba lafiyar tsoho. A gidan da miji ke zargin matarsa, ko uwar gida ke neman laifin mai aikinta, ɗan sanda ne aka ajiye a falo.

Wani zai ce ai mai aikin gida ma tana gani, tana kuma kai labari. Gaskiya ne, an sha ganin asirin gida ya tonu ta bakin 'yar aiki. Amma ita mutum ce guda, ka san garinsu, ka san wanda ya kawo ta, tana mantuwa, tana jin kunya, tana iya rufa maka asiri saboda ta ci gishirinka. In ta yi ba daidai ba ka san inda za ka kai ƙara. Na'ura ba ta mantuwa, abin da ta gani ana iya kwafarsa sau dubu, kotu na iya neman sa, ɓarawon intanet na iya sace shi, in kamfanin ya karye a sayar da shi tare da kujeru da tebura.

A nan ne ake gane cewa wannan hadimi iyayen gidansa biyu ne. Kai kake ba shi umarni, amma kamfani ne ke riƙe da ƙwaƙwalwarsa, kuma yana iya sauya masa hali da dare kana barci. A Maris na 2025 Amazon ya sanar da masu wasu na'urorinsa na Echo cewa ya soke zaɓin da ke ba su damar hana tura muryarsu zuwa manyan kwamfutocinsa. Mutanen da suka sayi na'urar saboda wannan zaɓin, saƙon imel kawai suka samu. Duk ranar da muradinka ya ci karo da na kamfanin, ba sai an faɗa maka wanda na'urar za ta bi ba.

Shi kuma wanda ke can ƙarshen waya, waye shi? A yau injiniya ne ko ma'aikacin kamfani a Amurka. In sana'ar ta bunƙasa, tarihi ya nuna inda za ta gangara. A 2019 aka gano cewa ƙananan kekunan kai abinci na Kiwibot da ke yawo a harabar Jami'ar Berkeley, wasu ma'aikata ne a Kolombiya ke shata musu hanya, a kan abin da bai kai dala 2 a awa ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin matasan Kenya da aka ɗauka ta hannun kamfanin Sama suna tace ƙazaman rubuce-rubuce don tsaftace ChatGPT, su ma a ƙasa da dala 2 a awa. A shagunan FamilyMart da Lawson na Japan akwai na'urorin kamfanin Telexistence da ke jera lemo a firji, kuma in gwangwani ya suɓuce musu, matasa ne a Manila ke sa tabarau su ɗauke shi. Ƙasar da ba ta son buɗe ƙofa sosai ga baƙin ma'aikata ta samu hanyar shigo da hannunsu ta bar jikinsu a waje, babu biza, babu albashin Japan, babu unguwar baƙi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa akwai masu aikin gida miliyan 75.6 a duniya, kashi 76 cikin 100 mata ne, kuma galibinsu ba su da kariyar doka. Sai a 2011 aka samu yarjejeniya ta 189 da ta amince cewa aikin gida aiki ne kamar kowane. Ana yawan cewa mutum-mutumi zai raba su da abincinsu. A ƙasashen da albashi ke da tsada, mai yiwuwa wata rana. A inda ake ɗauko yarinya daga ƙauye a biya uwarta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu wanda zai kashe dala 20,000, kuma wannan ba abin alfahari ba ne. Abin da na fi hange shi ne aikin zai tsage gida biyu. Ɓangaren da za a iya yi daga nesa ya koma hannun wanda ba a gani, wanda kowane motsinsa darasi ne ga na'urar da za ta maye gurbinsa. Ɓangaren ƙazanta da wahala kuma, wankin kashi da lallashin mai rigima, ya zauna inda yake.

Ba dole ba ne sarrafawa daga nesa ta zama cuta. A unguwar Nihonbashi ta Tokyo akwai wani gidan shan shayi mai suna DAWN da aka buɗe a 2021, inda na'urorin OriHime ke karɓar oda suna kawo abin sha. Masu sarrafa su mutane ne da larura ta kwantar, wasu da ido kaɗai suke iya ba da umarni. A nan ba a ɓoye mutumin ba. Ana nuna sunansa, kana hira da shi, ka san da wa kake magana, kuma saboda shi ka zo. Fasahar kusan ɗaya ce da ta NEO, niyyar ce ta bambanta.

Hujja mafi ƙarfi da masu wannan sana'a ke kawowa ita ce tsufa, kuma Japan ce filin gwajin. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, haihuwa ta yi ƙasa, masu jinya sun yi kaɗan. Gwamnati ta zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a binciken na'urorin kula da tsofaffi. A 2015 cibiyar RIKEN ta nuna Robear, ƙato mai fuskar beyar da ke ɗaga majinyaci daga gado, hotonsa ya zaga duniya, amma bai taɓa fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa ba. Wani masanin halayyar al'umma, James Wright, ya je ya zauna a wani gidan tsofaffi da ke gwada irin waɗannan na'urori, ya fitar da littafi a 2023 wanda takensa ke cewa mutum-mutumi ba zai ceci Japan ba.

Abin da ya gani yana da ban dariya da ban tausayi. Akwai na'urar ɗaga mutum mai suna Hug. Cikin 'yan kwanaki ma'aikata suka jingine ta, don turo ta daga ɗaki zuwa ɗaki yana cin lokacin da za su yi da tsofaffin, kuma kaɗan ne ke jin daɗin ɗagawarta. Akwai Pepper, farin mutum-mutumin SoftBank mai allo a ƙirji, wanda aka ba jagorancin motsa jiki da rana. Sai ga shi dole ma'aikaciya ta tsaya kusa da shi tana kwaikwayon motsinsa tana maimaita maganarsa kafin tsofaffin su bi, kuma 'yan waƙoƙinsa ƙalilan ne, cikin makonni aka gundura. Akwai Paro, mai siffar ɗan karen ruwa, fari mai laushi, da ke lumshe ido in an shafa shi. Wani tsoho ya dage sai ya feɗe masa fata. Wata tsohuwa kuma ta shaƙu da shi har ba ta cin abinci ko barci sai yana gefenta. Kowace na'ura sai an yi mata caji, an goge ta, an kunna, an ajiye. Ma'aikaciyar da a da take jan hira da tsoho yayin da take ɗaga shi, ta koma mai kula da inji.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da abin baki ɗaya. Henry Evans, wani Ba'amurke, ya gamu da shanyewar jiki a 2002 yana ɗan shekara 40, ba ya magana, ba ya iya motsa komai sai kansa da ɗan yatsa. Bayan kusan shekara goma, da taimakon masu bincike na Georgia Tech da kamfanin Willow Garage, ya sarrafa hannun wani mutum-mutumi ya sosa fuskarsa da kansa. Ka tsaya ka auna shekara goma kana jiran wani ya sosa maka inda ke ƙaiƙayi. Daga baya ya yi aiki da wata na'ura mai suna Stretch, wadda ko kama da mutum ba ta yi ba, sanda ce a kan tayoyi mai hannu ɗaya. Duk wanda ya yi jinyar dattijo kuma ya san abin da ya fi ciwon zafi a wurinsa, wato a ce surukarsa ko 'yarsa ce za ta kai shi bayan gida. Mai kunya zai so a ce inji ne. Amma wannan alherin ya dogara ne kacokan a kan cewa injin ba kowa a bayansa. In akwai ido a can, an ƙara masa mai kallo ne kawai, wanda ma bai san shi ba.

Akwai kuma abin da masana irin su Sherry Turkle suka daɗe suna gargaɗi a kai, cewa na'urar tana iya zama uzurin 'ya'ya. An saya wa Baba abin da ke tuna masa shan magani, yana yi masa hira, sai ziyara ta koma sau ɗaya a wata, zuciya kuma ba ta damu ba.

Shaƙuwar kanta gaskiya ce, ba wauta ba. Mutum yana ba abin da ke kallonsa yana amsa masa matsayi a ransa, ko da ya san waya ce da batir. Sony ya fito da karen Aibo a 1999, ya sayar da kusan 150,000, ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe wurin gyaransa a 2014. Tsofaffin injiniyoyin kamfanin suka buɗe nasu shagon gyara, suna cire kayan wanda ya mutu su sa wa mai sauran numfashi, kuma kafin a farke su sai a kai su wurin ibada na Kofukuji a lardin Chiba, a jera su da takardar sunan kowanne a wuya, malamin addinin Buddha ya yi musu addu'ar bankwana. Masu Aibo sun yi sa'a ma, don ƙwaƙwalwar karensu a jikinsa take. Na'urorin da suka biyo baya tasu tana can a kwamfutocin kamfani. Jibo, wanda aka sayar dala 899, ya sanar da masu shi da bakinsa a Maris na 2019 cewa za a kashe kwamfutocin da yake dogaro da su, ya yi musu godiya, ya yi 'yar rawa.

Na Moxie ya fi ciwo, don yara aka yi wa shi. Kamfanin Embodied ya sayar da shi dala 799 a matsayin aboki mai koya wa ƙananan yara hira da gane yanayin zuciya, kuma iyayen yara masu larurar galahanga da dama sun saya. A Disambar 2024 kuɗin da kamfanin ke jira daga wani mai zuba jari bai zo ba. Ya sanar cewa zai rufe, Moxie zai daina aiki cikin ɗan lokaci, kuma galibin masu shi ba za a mayar musu da ko sisi ba. Ya haɗa da wata wasiƙa da iyaye za su yi amfani da ita wajen yi wa yaransu bayani. Bidiyon yara suna kuka ya cika TikTok. Bayan hayaniya ta yi yawa, injiniyoyin kamfanin suka yi ƙoƙarin sakin wata manhaja da za ta ba mai shi damar tafiyar da na'urar daga kwamfutarsa ta gida, da sharaɗin ya sabunta ta kafin a kashe kwamfutocin kamfanin, kuma ya iya haɗa abin da kansa ko ya samu mai haɗa masa.